Ranar da Guduma Ta Faɗi a Kan Albarka

Ranaku da yawa na aiki sun shuɗe daga ƙwaƙwalwata, amma ban taɓa mantawa da Asabar ɗin da gudumar gidanmu ta faɗi a kan kayan da mai su bai sallama ba. Ina rubuta wannan ne domin ku da kuka gaje mu a sana'ar gwanjo, musamman 'yan ƙasarmu da ke shigowa cikinta a nan Doha.

Kafin in zo Ƙatar, na yi rayuwata ta aiki a gidan adana kayan tarihi a gida Najeriya, bayan na yi karatun allo da na littattafai a zaure, na kuma fita daga kwalejin horon malamai da Larabci da Turanci. Wannan ne ya sa wani ƙaramin gidan gwanjo a unguwar Al Muntazah ya ɗauke ni babban mai tantance kaya. Gidan ba shi da girma: ɗakin baje kaya a ƙasa, ofis da sito a sama. Mai gidan, Abu Nasir, shi ne kafil ɗinmu duka, wato mai ɗaukar nauyin zamanmu a ƙasar, kuma shi ke riƙe guduma da kansa ranar gwanjo. Abin da muke sayarwa tsofaffin tsabar kuɗi ne, da kan sarki, da agogunan aljihu, da butocin gahawa na tagulla, da kayan fataken lu'ulu'u na zamanin da.

Masu zuwa kallo ranar gwanjo guduma kawai suke gani. Aikin gaskiya a sama yake. Idan mutum ya kawo kaya, ni ne mai sa safar hannu in duba, in auna, in tambayi asalinsa da hannuwan da ya bi. Ba mu goge tsohon abu, domin dattin shekaru yana cikin darajarsa. Daga nan a ɗauki hoto, in rubuta bayani da Larabci da Turanci, a ba shi lamba. Sai kuma a zauna da mai kaya ya yanke iyaka, wato farashin da ba za a sayar ƙasa da shi ba. Idan tayi ya tsaya bai kai iyakar ba, ƙa'ida ita ce a ɗan dakata a kira mai kaya ta waya, a gaya masa inda aka tsaya. In ya yarda, guduma ta faɗi. In bai yarda ba, kaya su koma sito.

Shekara biyu kafin in ajiye aiki, wani magidanci mai suna Isaka ya hawo mana bene da wani abu a naɗe cikin tsohon zane. Ɗan zangon Kumasi ne, direban wani kamfanin gini a Lusail. Da ya ji Hausa a bakina sai ya cire takalmi a bakin ofis, ya rusuna ya gaishe ni.

Da ya kwance zanen, sai ga ƙaramin akwatin tagulla. A ciki akwai sikeli ɗan mitsitsi, da cokali, da ma'aunan garin zinariya: wani siffar kada, wani kifi, wani tsuntsu ya waiwaya baya. Na kakansu ne, bafataken goro. Ban ɓoye masa ba cewa na daɗe ban riƙe abu mai kyau irinsu ba.

Ya ce, "Baba, kayan nan ba nawa ni ɗaya ba. Na gida ne duka. Yayata Hajiya Ramatu shi ya ba ni. Ya ce in ba a kai abin da muka faɗa ba, in mayar mishi da hannuna."

Hausarsu ta zango ba ta raba mace da namiji, kada ku ɗauka kuskuren alƙalamina ne. Abin da ya kamata ku riƙe shi ne, 'yan'uwansa sun taru sun yanke iyaka, kuma sun ɗora amanar a wuyansa shi kaɗai. Idan aka sayar ƙasa da ita, ba wanda zai yarda a Kumasi cewa bai cusa ragowar a aljihunsa ba.

Ranar gwanjo Isaka yana bakin aiki, bai samu zuwa ba. Ni kuma ina bayan labule ina jera kayan da za su fito. Tayi ya hau, ya hau, sannan ya tsaya a hannun Abu Jasim, wani dattijo daga Al Wakrah, jikan fataken lu'ulu'u, mai tara sikeli da ma'aunai, wanda ya fi kowa saye a gidanmu. Tayinsa yana da nisa da iyaka. Ustaza Huda, 'yar Masar da ke kula da wayoyi, mace mai tsare aikinta, ta kira Isaka. Na hango ta tana saurare, sai ta yi murmushi ta gyaɗa wa Abu Nasir kai. Shi kuma ya ɗaga murya ya ce da Larabci, "Ala baraka!" wato an sayar bisa albarka, ya buga guduma. Na yi mamaki a raina, amma na ce wataƙila dangi sun sauya shawara. Abu Jasim ya biya, ya tafi da akwatin a ranar.

Ranar Talata da hantsi Isaka ya shigo da zanensa a ninke ƙarƙashin hammata.

"Baba, na zo karɓar kayan. Allah bai yi ba wannan karo."

Na ce, "Wane kaya, Isaka? Ai ka sallama."

"Ni? Wallahi ban sallama ba. Matar nan ya faɗa mini kuɗin, na ce mishi albarka. Har sau biyu na faɗa."

Na ajiye gilashin dubawa a kan tebur. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwa daga Kano zuwa Kumasi ya san in mai kaya ya ce "albarka", cewa ya yi ban sayar ba, ƙara. Ba ma cewa "a'a" ga wanda ya taya mana kaya, domin ya girmama kayan da ya tsaya a kansu. Sai mu yi masa addu'a mu hana shi. A wurin Larabawan nan kuwa, da an ambaci baraka a ciniki, an gama ke nan.

Na tambaye shi dalilin da ya sa bai faɗa da Turanci ba.

Ya ce, "Baba, Balarabiya ne fa. Na ce ai kalmar nan tasu ne, shi zai fi ganewa."

Na kira Ustaza Huda, ta tabbatar da cewa abin da ta ji ke nan, har ta amsa masa da "mabruk", wato barka, shi kuma ya ce "amin". Da na fassara mata, ta dafe ƙirji, idonta ya cika da hawaye. Na gaya mata babu laifinta, kuma har yau ban sauya ra'ayi ba. Kowannensu ya yi magana daidai, a kasuwarsu.

Muka shiga wurin Abu Nasir. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya buɗe hannuwa.

"Ya Ustaz Bashir, guduma ta faɗi. Khalas, an gama. Na yafe masa la'adar gida, abin da zan iya ke nan. Kana so in je in ce wa Abu Jasim ya dawo da abin da ya saya a gaban jama'a?"

Na ce, "Allah ya ƙara maka lafiya, guduma tana tabbatar da yarda ce, ba ta ƙirƙirar ta. Wannan mutum bai yarda ba. Sunana yana ƙasan bayanin kayan nan, kuma ban taɓa sa sunana a kan cinikin da mai kaya ya ƙi ba. Ba kai za ka je ba. Ni zan je."

"In ya yi fushi ya daina taka gidan nan fa?"

"Sai ka ɗora a kaina."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Zan ɗora kuwa."

Da muka fito, Isaka ya riƙo hannun rigata a kan bene. Ya rage murya.

"Baba, a bar shi. Ni direba ne. Ɗan ƙasa ne fa mai sayen nan. In ya kira kafil ɗina, gobe ina jirgi. Zan faɗa ma Hajiya gaskiya, in ya yarda to, in bai yarda ba shi ke nan."

Na ce, "Za ta yarda?"

Ya sunkuyar da kai.

"To, ka wanke rigarka ta Juma'a."

Ranar Juma'a bayan la'asar na sa babbar riga da hula, ni da Isaka muka kama hanyar Al Wakrah. Majalisar Abu Jasim tana kusa da bakin teku, ana jin ƙamshin turaren wuta tun daga ƙofa. Ya tare mu da fara'a, ya zaunar da ni a damansa. Akwatin yana cikin kabad na gilashi, kusa da sikelin lu'ulu'un kakansa. Aka kawo dabino, aka zuba gahawa. Na sha ƙaramin kofi na fari da na biyu ina amsa tambayar lafiya, ban taɓo abin da ya kawo ni ba. A na uku sai na girgiza kofin, na miƙa wa mai zubawa, ya karɓa ya wuce.

Sannan na ce, "Ya Abu Jasim, ina da tambaya. Yanzu da na girgiza kofin nan, me na ce?"

Ya yi dariya. "Ka ce ya ishe ka."

"Me ya sa ban buɗe baki na ce ba na so ba?"

"Haba, Ustaz. Ana cewa ba a son gahawar mutum a gidansa?"

"To, da baƙo ne mai zubawar, ya ɗauka girgizawar nan neman ƙari ce, ya cika mini kofi, za a ce na nema?"

Ya daina dariya, ya gyara zama. Na ba shi labarin kalmar, daga kasuwannin goro har zuwa wayar Ustaza Huda, na gaya masa amanar da ke wuyan mutumin da ke zaune a ƙarshen shimfiɗa. Ban roƙe shi ba, ban kuma rage komai ba. Na ce a bisa ƙa'idar gwanjo kayan nasa ne, ba wanda zai iya karɓe su. Na zo ne domin na san ba zai so ya ajiye kusa da sikelin kakansa abin da ba a sayar masa ba.

Ya ja carbinsa. Can ya ce, "Idan albarka ƙi ce a wurinku, da wace kalma kuke yarda?"

Na ce, "Sallama. Sai mai kaya ya ce na sallama."

Ya bugi cinya yana dariya har da tari. "Subhanallah! Ku in kun sa albarka kun ƙi, in kun yi ban kwana kun yarda! Yaya aka yi kakanninku suka yi arziki?"

Na ce, "Da haƙuri, kamar naku."

Ya tashi da kansa ya buɗe kabad, ya ɗauko akwatin ya ajiye a tsakiyar shimfiɗa, ya yafito Isaka ya matso. Ya ce a sake ciniki, baki da baki, ni in yi tafinta. Ya ƙara a kan tayinsa na farko, ƙari na mutunci, amma har yanzu bai kai iyaka ba. Ya ce nan ne ƙarshensa, domin a ganinsa darajar kayan ke nan.

Na fassara, ban ƙara ko kalma ɗaya tawa ba. Isaka ya dube ni, na kawar da kai, domin ba ni aka ba amanar ba. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya dubi akwatin, ya ɗago ya dubi dattijon ido da ido, ya ce:

"Albarka."

Abu Jasim ya tura masa akwatin da hannu biyu, ya ce wannan karon ya ji da kyau.

Gidanmu ya mayar masa da kuɗinsa, muka rasa la'ada, Abu Nasir ya yi kwanaki yana gaishe ni a taƙaice. Amma Abu Jasim bai daina zuwa ba. Duk ranar gwanjo in aka miƙa masa shayi ba ya so, sai ya nemo ni da ido, ya ɗaga hannu ya ce, "Albarka, ya Ustaz!" Ustaza Huda kuwa da kanta ta kawo shawarar da ta zama dokar gidan: duk amsar da mai kaya ya bayar ta waya, sai an maimaita masa a fili, "A sayar, ko kada a sayar?" kafin a gyaɗa wa mai guduma kai.

Abin da na koya, kuma nake so ku riƙe, shi ne: a wannan sana'a muna ɓata sa'o'i muna tantance tagulla da azurfa, mu manta cewa maganar mai kaya ma tana bukatar a sa mata gilashi a duba. Mutane suna zuwa mana daga ƙasashe da yawa, kowa da yadda iyayensa suka koya masa ya ƙi abu ba tare da ya ci fuskar kowa ba. Wanda ya fi ladabi a cikinsu shi ya fi saurin cutuwa, idan wanda ke tsakiya bai saurara da kyau ba.

Da hutunsa ya zo, Isaka ya tafi Kumasi da akwatin naɗe cikin zanen da ya kawo shi. Da ya dawo ya hawo benen nan, ya cire takalmi kamar ranar farko, ya ajiye mini ƙullin goro fari a kan tebur, saƙon Hajiya Ramatu. Na tambaye shi abin da ta ce da ta ga kayan.

Ya ce, "Ya buɗe a gaban kowa, Baba. Ya ga kada, ya ga kifi, ya ga tsuntsu. Sai ya rufe, ya miƙo mini makullin ɗakin da ake ajiye shi."