Ƙwan Zabuwa a Gindin Magarya

Mantuwa ta yi mini yawa yanzu, har abin da na ci jiya sai an tuna mini. Amma akwai wata rana ta damina da ko ƙasa ta rufe mini ido ina jin da ita za a binne ni.

Shekarar ce na dawo daga Libiya. Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba, yunwa ce. Na bar ƙauyenmu da ke kusa da Gidan Sori autana yana goye, na dawo na iske shi da ƙafafunsa da bakinsa. Yayarsa, wadda ta riga ta shiga lakol, wato makarantar boko, tun daga bakin zaure ta gane ni ta rungume. Shi kuwa gogan ya shige bayan zanen uwarsa ya leƙo da ido ɗaya.

Na ce kwana biyu zai saba. Ina! Na ba shi alewa, ya karɓa ta hannun yayarsa. Na sayo masa balo, wato ƙwallo, a kasuwar Cadakori, ya buga abinsa ya bar ni tsaye. Da na gaji na cafke shi na ɗora a cinya, ya ƙwala ihun da ya sa maƙwabciya ta leƙo ta kan danga. Wata safiya ina alwala na ji yana tambaya:

"Inna, mutumin nan yaushe zai tafi gidansu?"

Uwar ta yi dariya. Ni ban yi ba. Na sha rana a ƙasar mutane, na sha zagi, babu wanda ya soke ni kamar wannan. Ga abokan tafiyata suna ta kira a waya, wai da an cire amfanin gona mu koma. Har na soma cewa a raina, to me zai hana? Wanda ɗansa bai san shi ba, ai duk inda ya kwana gida ne.

Lokacin maimai, lakol na hutu, muka fita gonarmu ta bayan gari gaba ɗaya. Hatsi ya kai ƙugu, ƙasa da sanyinta don an kwana ana ruwa. Uwar yara ta ɗauko ƙwaryar fura, tana tafe tana mitar zabuwarta da ta daina yin ƙwai a gida, ba a san dajin da take kai su ba. Yaran suka bazama. Su kama fara, su tono gwazarma, su kawo wa uwarsu ta gani. Ni dai ba a kawo mini komai ba sai ƙaiƙayin gumi.

Hantsi ya yi, na ji yarinyar ta kwarma kira daga iyakar gona.

"Baba! Inna! Ku zo ku ga abin da auta ya gano!"

Na yar da hauya na ruga, don na zaci maciji ne. Na iske shi durƙushe gaban wata 'yar magarya da ciyawa ta lulluɓe. Can ciki, a wani ɗan gurbi, ƙwan zabuwa ne jibge, ya fi a ƙirga da kallo ɗaya. Har ya miƙa hannu.

"Kai! Kar ka taɓa!"

Da muryar da nake kora jaki na faɗa. Yaro ya daskare. Uwar ta iso tana haki, ta harare ni.

"Malam, da wannan tsawar ai ko ni sai in nemi gidanmu."

Na kwanta rub da ciki a jiƙaƙƙiyar ƙasa, kaina daidai da nasa, na rage murya. Na ce masa zabuwa ba kaza ba ce. In ta ji warin hannun mutum a gurbinta, ta bar shi ke nan har abada. Haka na ji daga tsohona, haka kowa ke yi a garinmu: da ludayi ake ɗiba, kuma ba a kwashewa duka.

"Ni dai a kwashe a dafa," in ji yayar.

"Ke da ciki kamar rumbu," uwar ta ce, ta zaro ludayin fura ta goge da ganye ta miƙo mini.

Na gwada zura hannu, ƙaya ta ce ba ta san zancen ba. Kafaɗata ta yi faɗi. Na dubi yaron.

"Maigida, wannan aikin sai kai. Ni zan ɗage maka ƙayar."

Ya dubi uwarsa, ya dubi ludayi. Sannan ya karɓa, daga hannuna, ba ta hannun kowa ba. Na sa damtse na tokare reshen, ƙaya na shiga nama ina ji, ya rarrafa ta ƙarƙashin hammatata. Ɗaya bayan ɗaya yake fito da su, harshe waje, yana zubawa a gefen zanen uwarsa. Ɗaya ya suɓuce ya fashe. Ya ɗago a tsorace yana jiran tsawa. Na ce, "Rabon tururuwa ne, ci gaba." Da ya rage kaɗan na ce ya isa, a bar wa mai abu nata.

"In ta zo ta ga an ɗiba fa?" Maganar farko ke nan da ya taɓa yi mini, ni da shi.

"Ba ta iya lissafi ba. Kamar ni."

Ya ce shi sai ya ga dawowarta. Aiki na jirana, amma na bi shi muka ɓuya cikin hatsi muka zauna. Muka yi ta jira har ƙafata ta yi sanyi. Can sai ga zabuwar, tana taku tana tsayawa, tana miƙa wuya. Tari ya taso mini. Kafin in yi, sai na ji ɗan tafin hannu, mai warin ƙasa da fura, ya toshe mini baki.

"Yi shiru mana, za ka kore ta!"

Na yi shiru. Zabuwa ta kewaya magaryar, ta sunkuya ta shige, ta kwanta.

Ba zan yi ƙarya in ce ranar ya kira ni Baba ba, wannan sai da aka yanke hatsi. Amma da za mu koma gida ya ce ƙafarsa na ciwo. Uwar ta juya masa baya zai hau, ya wuce ta, ya zo gabana ya ɗaga hannuwa sama. Na saɓa shi a wuya. Har gida yana riƙe da kunnuwana kamar linzami. Da abokaina suka sake kira, na ce su gaida hanya.

Ban yi karatu ba, amma ranar na koyi abu ɗaya. Yaro ba a sayensa, ba a kuma cafkarsa. Ka sauko ƙasa inda yake, ka dubi abin da yake duba, ka ɗage masa ƙaya, ka rufe bakinka. Da ƙafarsa zai zo.