Ranar da Aka Tsefe Kitson Barira

Wata rana, bayan ƙaramar Sallah da 'yan kwanaki, ina zaune a gidan Uwani mai kitso ina jiran layi ya zo kaina. Ni da na tsani jira, amma hannun Uwani ya sa nake haƙura.

Sai ga wata mata ta yi sallama, riƙe da hannun yarinya da ba za ta wuce shekara shida ba. Ban san matar ba, har yau ban san sunanta ba. Yarinyar dai na ji tana kiran ta Barira.

Sabon kitso ne fes a kan Barira, shuku, har da 'yan duwatsu masu launi a jela.

Matar ta ce tsifa take so a yi mata, a wanke kan, kada a shafa mai ko kaɗan.

Muka kalli juna. Kun san mu mata in mun taru, ba ma barin abu ya wuce. Kitson Sallah da ko tashi bai fara ba?

Matar ba ta ɓoye mana ba. Ta ce da damina zazzaɓin cizon sauro ya kama Barira har ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ta yi ta jijjiga, ta daɗe ba ta san wanda ke kanta ba. Allah Ya tashi kafaɗunta, amma likita ya ce irin tsananin zafin jikin da ta yi, da yawan jijjigar, da daɗewar suman, alamu ne da ke nuna farfaɗiya na iya biyo baya. Gobe za su koma a liƙa mata wasu wayoyi a fatar kai, a duba yadda ƙwaƙwalwar ke aiki. Shi ya sa ake son kan a tsefe.



Da jin an ambaci farfaɗiya, wata dattijuwa da ke jiran jikarta, Gwaggo Tabawa, ta tofar da yawu gefe.

"Haba 'yar nan, wane irin mugun baki ne wannan? Yarinya ta warke tana wasanta, ke kuma kina kira mata ciwo da bakinki?"

Matar ta ɗago ta dube ta.

"Gwaggo, yayarta ban kira mata ba. Ko sau ɗaya ban furta ba. Ya zo ya ɗauke ta."

 Uwani ta ajiye tsinken kitso.

Ashe Barira tana da yaya, Nuratu. Ita ma ta taɓa yin irin wannan zazzaɓin, ita ma ta tashi. Ranar da za a sallame su daga asibiti likita ya zaunar da uwar, ya ce shi ba gaibu ya sani ba, kuma ba kowane yaro ne abin ke samu ba, amma Nuratu tana cikin waɗanda ake ji wa tsoro. A dawo da ita gwaji. A nisanta ta da wuta da ruwa. A sanar da duk wanda zai riƙe ta.

Uwar ta dawo gida ta haɗiye maganar.

Ta taso tana jin cewa mugun abu in ka faɗe shi ka gayyato shi. Kuma ta san unguwa. Ta san in sunan nan ya manne wa gida, ba mai cin abinci kwano ɗaya da 'yarta, ba mai barin 'ya'yansa su zo wasa.

Ba ta koma asibiti ba. Ko mijinta ba ta gaya wa ba.

Watanni suka shuɗe, Nuratu ta yi ƙiba, ta koma makaranta. Uwar ta ce a ranta, ka ga amfanin shiru.

Da hutu aka kai Nuratu ƙauye wajen kakarta. Kakar ba ta san komai ba, ta aike ta bakin rafi wanke kwanuka tare da sauran yara.

A nan abin ya fara kama ta. Ta faɗi rubda ciki a ruwan da ko gwiwarta bai kai ba.

Akwai manya a wurin, suna wanki. Sun gan ta. Da suka ga jijjiga da kumfa a baki, sai suka ja baya suna janye 'ya'yansu, wai kada yawun ya taɓa su su ɗauka.

Kafin a sami mai ƙarfin halin ɗago ta, ta cika.

 Wallahi ruwa ne da hannu ɗaya ya isa ya fitar da ita daga ciki.

Uwani ta jawo Barira gabanta ta fara tsifa. Yarinyar tana kuka a hankali, ita kitsonta take ji. Duwatsun tana tattara su a tafin hannu, kada su ɓata.

Da aka gama, matar ta tsayar da ita a tsakiyarmu, gashi a barbaje.

"Ku dube ta da kyau, don Allah. Sunanta Barira, gidanmu na bayan masallaci. In kun gan ta ta faɗi wata rana, ku kwantar da ita ta gefe, kada ku cusa mata komai a baki. Yawunta ba ya cutar da kowa."

Muka amsa da to.

Amma na ga abin da ya faru. Wata 'yar ƙarama ta miƙa wa Barira dutse ɗaya da ya faɗi ƙasa, uwar yarinyar ta fizgo hannunta ta mayar da ita bayanta.

Mahaifiyar Barira ma ta gani.  Ta ɗaura wa 'yarta ɗankwali, ta kama hannunta suka fita.

Abin da ta guje wa tun farko ke nan, kuma ga shi ya same ta a gabanmu. Sai dai wannan karon 'yarta na riƙe a hannunta, da rai.

Darasi: Gargaɗin likita ba mugun baki ba ne. In yaronki ya tashi daga zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa aka ce ki dawo, ki koma, kuma ki sanar da masu riƙe shi ko da za a yi da ke. Mu kuma da ke gefe, farfaɗiya ba a ɗaukar ta a yawu. Tsoronmu ne ya sa iyaye ke yin shiru.

Ku tura wannan ga duk uwar da kuka sani, da duk wanda zai iya tsintar kansa a bakin rafi wata rana.