Sulken Bodari na Malam Ado Baduku

Duk wanda ya san Malam Ado Baduku ya san ba ya fara gaisuwa da fuska. Takalminka zai fara kallo, ya duƙa ya murza fatar da yatsa, ya shinshina, sannan ya ɗago ya ce, “Roba ce. Ina kwana?” Maganarsa kuma ɗaya ce a kan kowane sabon abu: “Wa ya taɓa sawa?”

Ni na jawo mana rigimar. Na yi shekaru ina tuƙin babbar mota, daga Kumasi har Agadas, kuma a Abijan na ga ɗalibai suna wani wasa a kan tebur. Mutum ɗaya yana ba da labari, sauran kowa da jaruminsa, ana jefa ƙwayar ludo. Lamba babba, jaruminka ya yi nasara. Ƙarama, ya sha duka, sai dai in sulkensa ya kare shi. In ya mutu kuwa, an gama da shi ke nan.

Da na dawo Birnin Gwari na tarar da Ado ya rame. Shi da ya yi ƙuruciyarsa yana farauta, daji ya gagari shiga saboda 'yan bindiga, ko hanyar Kuyello sai da addu'a. Sai na zana masa dajin da gawayi a kan tsohon buhu, muka shimfiɗa a zaurensa bayan la'asar, mu uku da Bello, makiyayin da ke kawo masa fata. Ado ya ɗauki ƙwallon goruba ya ce sunan jaruminsa Goje, kuma sai Goje ya kai tsohuwar kukar da ke bakin rafi, inda shi Ado ya harbi gadarsa ta fari. In bai kai ba, shi da wasan har abada.

Matsalar sulke ce. Na ce a Agadas na ga garkuwar fatar warwaji, wata dabbar hamada, a Sudan na ga rigar ƙarfe, a Kumasi na ga taguwar maharba da layu har gwiwa. Na ce a wasan Abijan ma har da sulken fatar dodo.

“Wa ya taɓa sawa?”

“Malam Ado, labari ne.”

“Direba, labari ba ya hana ƙaiƙayi. Ba abin da Goje zai sa sai na sa da kaina.”

Ya fara da fatar kada. Kada ba ya samuwa, fata mai kyau kuma Ado ba zai yanka don gwaji ba, sai ya jiƙa wata ɗanyar fatar saniya da ya ƙi sayarwa ya ƙi yarwa, ya ɗinke ta a jikinsa, ya zauna a rana. Tana bushewa tana matse shi. Muka same shi tsaye ƙiƙam, hannuwa a buɗe kamar mutum-mutumin gona. Matarsa, Goggo Kande, ta fito da wuƙa.

“Kande, bi ɗinki! Kar ki ɓata min fata!”

“Kai nake ceto ko saniya?”

“Ni zan warke. Ita fa?”

Daga ranar muka sa doka: mai sulken kada, in ya tsallaka rafi, ba ya iya sosa bayansa.

Sai ƙayar beguwa, wadda ya tara tun yana saurayi. Ya jera ta a bayan taguwa, ya ce duk wanda ya kawo wa Goje hari ta baya ya ga ta kansa. Haka ne kuwa. Ɗan acaɓa ya ƙi ɗaukarsa. Da ya manta ya jingina da bango, har maƙwabta sun ji sakamakon gwajin. Bello ya ce, “Baba Ado, wannan sulken bai san mai shi ba.”

Na ɓawon kuka ya fi kowanne kyau, ga sauƙi ga sanyi. Yana tsaye yana mana bayani, akuyar Kande ta zo ta baya ta cinye rabi. Ya juya ya dube ta, ya ce, “A sa a doka. Yana tare kibiya, ba ya tare akuya.”

Ana cikin haka Goje ya kusa kuka, amma rauni ya yi masa yawa, duka ɗaya ya rage masa. Ado ya ce a dakata da wasa, ya sa Bello ya samo masa fatar bodari, dabbar nan da warinta ke korar kare. Ya ƙi jeme ta, wai jima tana kashe ƙarfinta. Ya rataya a wuya ya tafi kasuwa. Mai shayi ya miƙo masa kofi da sanda. Kande ta fito masa da tabarma zaure, ta rufe ƙofa.

Ranar da muka koma wasa, ni da Bello muna can bakin ƙofa da hula a hanci. Na ce ga dodo ya tare hanyar kuka. Ado ya jefa ƙwaya, ta ba shi ɗaya. Bisa doka Goje ya mutu, kuma na san da gaske yake, ba zai sake zama ba.

Bai ko girgiza ba. Ya ce, “Direba, dodon nan yana da hanci?”

“Yana da shi.”

“To ta ina ya matso? Kande! Faɗa musu!”

Daga bayan katanga ta ce, “Ni da na haifa masa 'ya'ya ma ban matso ba, balle baƙo.”

Na ce dodo ya arce. Ado ya tura ƙwallon gorubar har gindin kukar gawayi. Can ya ce, “Akwai kogo ta gabas. Zuma ke ciki.” Ya daɗe yana kallon buhun.

Ado ya rasu bayan girbi, bai sake ganin kukar da idonsa ba. Buhun yana wurina, Goje na nan inda ya bar shi.

Allah Ya jiƙan Malam Ado, Ya lulluɓe shi da rahamar da ba ta matsewa, Ya ba Kande haƙuri, Ya buɗe mana dajinmu. Amin.