Rigunan da Baffa ya ɗinka mini

Ƙaurin dutsen guga na gawayi ne ya tsayar da ni a bakin layinmu na unguwar Briqueterie. Shekara goma sha tara rabona da gida, tun ranar da mahaifina ya zane ni da wayar wuta a gaban jama'a saboda na ƙi zaman shagonsa, ya ce kada in ƙara taka ƙofarsa. Nan take bayana ya ɗauki zafi kamar yau aka yi.

Rasuwar Baffa ce ta dawo da ni. Ƙanen mahaifina ne, kuma tela. Bai taɓa auna ni da tef ba. Sai dai ya dafa kafaɗuna da hannu biyu, allura a bakinsa, ya ce, "Je ka, na gani." Haka ya yi mini a tashar jirgin ƙasa ranar da aka kore ni.

Na tarar da mahaifina a zaure, ya tsufa ƙwarai. Ya amsa sallamata bai dube ni ba, ya turo mini wani akwatin ƙarfe.

"Naka ne. Kowace Sallah sai Baffanka ya ɗinka maka. Na hana shi, bai hanu ba."

Riguna ne a ninke, kowacce ta ɗara ta ƙarƙashinta faɗi. Na saka wadda ke sama. Ta zauna mini cif, har tumbin da na ajiye a Douala, wanda Baffa bai taɓa gani ba.

Mahaifina ya ɗago, ya daɗe yana kallona. "Zauna," in ji shi.

Allah Ya suturta Baffa kamar yadda ya yi ta suturta wanda ba ya nan.