Atishawar da Ban Yi Ba

Ku matso, jikokina. Ni ban san baƙi ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma ba zan faɗi sunana ba. Waɗanda suka san shi sun kwanta dama.

Kafin in lalace, mai fura ce ni a wani ƙauye gabas da Dogon Dutsi. Mijina ya rasu, ina zaune gidan Kawu, ƙanen uwata, wanda ke tsaron tabkin garinmu. Tabkin na Doguwa ne, iskar da kakanninmu suka tarar a wurin. Ana sha, ana shayar da shanu, amma ba a taɓa yashin gaɓarsa. Cikin yashin nan kada ke binne ƙwai, ƙarƙashinsa gaiwa ke kwana cikin laka har damina, gauraki na sheƙa cikin ciyawar bakinsa. Ruwan kuwa yakan kai mu har bazara.

Sai Nasara ya zo da aikin hanyar mota. Aka kwashi maza aikin dole, kowa sai ya kawo tsakuwa daga nesa, wanda kwandonsa bai cika ba ya sha bulalar gardi, wato dogarin Nasara. Ni ina kai musu fura. Wata rana wani mutumin Kiyeshe ya roƙe ni in ɗebo masa tsakuwa ko ƙwarya guda, don bayansa ya gaji da duka. Na ɗebo a gaɓar tabki, na rufe da faifai. Ya ba ni goro. Washegari mutum biyu suka roƙa. Aka koma gishiri, aka koma zane.

Gardin ya gane tsakuwar ba ta dutse ba ce. Na zaci zai doke ni, sai ya yi dariya, ya ce in na buɗe masa gaɓar nan, ni ce zan riƙa cika jakuna, rabona kuma ba zai yanke ba. Na ce mutanenmu ba za su yarda ba. Ya ce ai mace ba ta rasa dabara.

Ranar da aka yi wasan bori, masu goge na kiɗa, sai na yanke jiki na faɗi. Na shaƙe murya na ce ni ce Doguwa, na gaji da wannan tabki, na ƙaura yamma, yashin na bar wa mai so. Mata suka lulluɓe ni, tsofaffi suka sunkuyar da kai. Da na ga an yarda, sai na miƙe na nemi ruwan sha.

Da safe Kawu ya same ni ina dakan gero. Ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, jiya ba ki yi atishawa ba."

Taɓaryar ta kusa faɗuwa daga hannuna. Ku yaran yanzu ba ku sani ba: iska in za ta sauka daga kan mutum, da atishawa take fita. Ni kuwa na manta. Na ce masa wataƙila bai ji ba ne. Ya ce, "To, ko dai ba ta hau ba, ko kuwa har yanzu tana kanki. Zaɓi wanda za ki iya kwana da shi."

Bai tona ni ba. Da ya tona ni da ya fi mini sauƙi. Tun daga ranar, ko ɗan akuya ya yi atishawa sai gabana ya faɗi.

Jakuna suka sauka gaɓa. Magirbi na fasa ƙwan kada, hankaki na bin bayanmu suna sha. Aka riƙa tono gaiwa a gutsure. Gauraki suka yi ta kewaya sama suna kuka, daga baya ba mu ƙara ganinsu ba. Wata uwar kada da ta rasa wurin kwanciya ta bi hanyar rijiya da rana tsaka, ta kama maraƙin wani Bafulatani, aka taru aka kashe ta da sanduna. Ina gani, ina cika mangala.

Ramin ya yi zurfi har ya huda lakar da ke riƙe ruwa. Kafin a gama sussukar gero tabki ya tsotse. Tsakuwa ma ta ƙare, gardi kuwa bai daina aiko jakuna ba. Sai na riƙa zuba laka a ƙasan mangala, in yayyafa tsakuwa a sama. Ruwan farko ya cinye wurin da aka cike da ita a kan hanyar, motar kumandan, babban Nasaran yankin, ta nutse har ƙofa. Gardi ya nuna ni da bulalarsa.

Aka kai ni gidan kaso a Dogon Dutsi. Tafinta ya ce laifina na ɓata hanyar gwamnati. Ba wanda ya tambaye ni tabki. Can na yi ta daka wa gardawa hatsi har tafin hannuna ya tsage, kullum ina jiran in ji an ce garinmu ya watse saboda ƙishirwa.

Da aka sake ni, na tarar Kawu ya rasu. Gari bai watse ba, amma mata na tafiya tun asuba neman ruwa. Na tsaya a dandali na faɗi gaskiya da muryata ta kaina. Wata tsohuwa ta ce sun ji, amma magana ba ta cika tulu. Na roƙi gafarar Allah, na ɗauki kwando na fara mayar da laka cikin ramin. Damina bayan damina nake yi, har wuyana ya sunkuya kamar yadda kuke gani. Ruwa yakan ɗan tsaya yanzu. Kada bai dawo ba.

Yanzu ina ganin manyan motoci na kwasar yashi a fadama, samarinmu na lodi suna dariya. Jikokina, in baƙo ya ce ku nuna masa gaɓa, ku fara duba wa ke kwance ƙarƙashinta. Kada ku ari bakin wani, na mutum ko na iska, don ku halatta abin da kuka san ba naku ba ne. Ni a rani guda na tona ramin nan, ga shi na tsufa ban gama cike shi ba.