Ruwan da muke kashe ƙura da shi

An sha wuya a shekarar nan. Ban iya tsara magana ba, abin da na sani ke nan, an sha wuya.

Ni da wana muna da injin niƙa dutse a bayan gari, can wajen Bagega. Masu haƙa su kawo dutse cikin buhu, mu niƙe, su tafi su wanke su nemi zinarinsu. Lokacin da gubar dalma ta shiga garuruwanmu, ɗiyata ta fari tana cikin yaran da munka rufe. Ko tafiya ba ta fara ba. Wana ne ya ɗauke ta zuwa maƙabarta, don ni hannuna ya ƙi. Daga baya likitoci sunka zo, anka kankare ƙasar gidaje, anka ce mana ƙurar dutsen nan ce ke kashe yara. A fitar da niƙa daga cikin gida, a riƙa jiƙa dutse kada ƙura ta tashi.

Ba wanda ya riƙe maganar nan kamar wana. Ya samo baƙin tanki na roba, ya ɗora shi bisa ƙarafa, ya ja tiyo har bakin injin. Ruwa na da nisa, a jarka ake kawo shi kan babur, saboda haka ya ciro kan famfon feshin gona ya ɗaura a bakin tiyon. Ruwa kaɗan sai ya fito kamar hayaƙi ya rufe rumfar duka.

Ina ce masa, "Yaya, dutse kake niƙa ko lambu kake ba ruwa?"

Ya ce, "Lambu ne. In ya nuna ka zo ka tsinka, malalaci."

"Mai tsoron ƙura, ga taba a baki."

"Tabata ni kaɗai take ci. Ƙura ta kowa ce."

Doka ɗaya gare shi: ba a shan ruwan tanki. Na ga ya buge kofi daga hannun wani ƙaton mai haƙa, mutumin da zai iya naɗe shi kamar tabarma. Ruwan shanmu daga gida muke zuwa da shi. Mu a saninmu ruwa ta baki yake kisa. In ba ka sha ba, ka tsira.

Da bazara injin ya lalace. Ƙarfen da ya karye ba a samunsa kusa, munka yi makonni muna jira. Tanki na can da rabin ruwa, rana na dukansa. Ranar da injin ya tashi, wana ya buɗe tiyo, ruwan ya fito da ɗumi da ɗan wari. Na ce a zubar. Ya ce ƙura ba ta da hanci. Munka yi dariya. Zafi ya yi zafi, ya ɓalle maɓallan riga ya tsaya cikin feshin yana buɗe baki yana jin daɗi. Ni ina can bakin hanya ina karɓar buhuna.

Bayan 'yan kwanaki ya ce kansa na sara. Zazzaɓi ya rufe shi. Mai kemis ya ce na sauro ne, ya yi masa allura. Bai sauka ba. Anka ce taifot ne, anka canza magani. Sai gudawa, sai tari, busasshe, mai fitowa daga ƙasan ƙirji. Sai ya fara magana ba kai. Ya dube ni ya ce in rufe wa yarinya fuska, ƙura na zuwa. Yarinyar da shi da kansa ya sa a rami.

Munka ɗora shi kan babur, shi a tsakiya, ni a baya ina riƙe da shi. Duk ramin da munka faɗa sai in ji numfashinsa ya tsaya ya dawo. A asibitin Anka sunka duba shi, sunka ce huhu ne, a wuce babban asibiti a birni.

Can wani likita ya zaunar da ni yana tambaya. Me yake yi, yana shan taba, wa kuma ya kwanta a wurin aikinmu. Na ce akwai wani dattijo, baƙo, mai ɗura buhu, shi ma yana kwance da irin tarin. Sai ya yi tambaya a kan ruwan da muke jiƙa dutse da shi.

Na ce, "Likita, ba mu shan ruwan nan. Ko kusa."

Ya ce, "Baba, ba sai an sha ba."

Ya ce akwai wata ƙwayar cuta, lijiyonela ya kira ta, mai son ruwan da ya kwana da ɗumi, tana zama cikin yauƙin da ke manne a cikin tanki da tiyo. In ruwan ya tashi ya zama feshi, mutum ya shaƙa, sai ta sauka huhu. Ta fi kama manya da masu shan taba. Ya ce ita yake zargi, an ɗauki fitsari za a gwada, kuma ya riga ya sa maganinta. Ya ce tana jin magani in an zo da wuri. Bai ƙara komai a kan wannan ba, ni ma ban tambaya ba.

Na ce to mu daina jiƙa dutse ke nan? Ya ce a'a. A wanke tanki, a sa masa inuwa, kada ruwa ya daɗe a ciki, a zuba maganin ruwa, a cire abin feshin nan.

Wana ya farka sau ɗaya da hankalinsa, robar iska a hancinsa. Ya ce, "Wa ke bakin injin?"

Na ce babu kowa.

"To kada su niƙa busasshe."

Na ce ba za su niƙa ba. Ban gaya masa maganar likita ba. Da la'asar ya cika.

Dattijon nan baƙo ya tashi, don na aika an kai shi asibiti da wuri. Na yi masa murna, amma ban iya zuwa gaishe shi ba.

Wurin zaman makoki labari ya riga ni isa. Masu haƙa na cewa ruwan tanki ne ya kashe mai tanki, gara a koma niƙa yadda aka saba. Wani ya ce dama wahala ce, ruwa na rage gudun aiki. Ina jinsu. Da yawansu baƙi ne, ba su nan lokacin da muke haƙa ƙananan kabura.

Inna ta kira ni ɗaki. Ta tsufa, ba ta gani sosai. Ta laluba ta kama hannuna ta ce, "Ƙura ta ɗauki jikata, ruwa ya ɗauki ɗana. Wanga dutse mi ya rage bai ci ba? Ka bar shi."

Na ce, "Inna, in na bari wani zai niƙa, kuma busasshe zai niƙa. Iska nan take kawowa."

Ta saki hannuna. A tsakar gida ƙananan 'ya'yana da na wana suna wasa cikin ƙasa, suna kai hannu baki.

Washegari bayan asuba na tafi rumfar ni kaɗai. Na kwance ƙasan tankin na koma nesa har ya tsiyaye. Na sauke shi, na ɗaure hanci da ƙyalle, na shiga da soso da sabulu. Yauƙin ya yi kauri, sai da na sa farce. Na yanke tsohon tiyon na ƙone. Kan feshin na cire na riƙe a hannu, zaren robar da wana ya naɗa yana nan yadda ya ɗaure shi. Na sa a aljihu. Da masu buhu sunka fara isowa, na ɗauki bokiti na zuba wa dutsen farko ruwa har ya jiƙe, sannan na tada injin.