Mai Jan Ƙyalle a Sama

A shekarata ta uku a Alƙahira, wajen 2012, mu huɗu ne muke haya a unguwar Hayyus Sabi'. A hawan da ke ƙasanmu akwai wani tsoho Bamisire, mahaifin mai gidan, wanda idonsa ya fara mutuwa. Ammu muke ce masa, wato baffa. Wata rana bayan la'asar ya tare ni a matakala, ya ce an gaya masa hannuna yana da kyau, yana so in rubuta masa tarihin aikinsa. Jikansa, wanda ya gama jami'a a Turai, zai zo hutu, kuma tun yana ƙarami ake gaya masa kakansa matuƙin jirgin yaƙi ne. Ammu bai taɓa faɗin haka ba, amma bai taɓa musawa ba. Abin ya tsaya masa a rai, yana so ya gyara tun yana da sauran numfashi.

Na ce tamam, na yarda. Kullum da yamma sai in sauka da littafina, a kawo shayi baranda.

Ashe aikinsa jan ƙyalle ne. Jirginsu yakan tashi ta bakin teku a Iskandariyya, shi yana zaune a baya yana sakin wata doguwar waya, a ƙarshenta an ɗaura ƙyalle mai kama da hannun riga. Sababbin sojojin ruwa kuma suna ƙasa a kan jiragensu, suna koyon harbi a kan ƙyallen. Harsashin kowane rukuni an tsoma kansa a fenti daban. In an sauka sai a shimfiɗa ƙyallen, a duba launin bakin kowace huda, a san waɗanda suka samu. Ya ce da farko tsofaffin jiragen yaƙi masu farfela ake ba su, waɗanda suka gaji, a yi musu zanen baƙi da rawaya don masu harbi su gane su. Daga baya aka kawo jirage masu sauri. Da aka zo da ƙananan da ba mutum a ciki, sai aka ce musu an gode.

Ni kuwa lokacin ina ganiyar karatun balaga, wato ilimin fasahar zance a Larabci, kaina ya kumbura. Ga kuma halinmu na gida, ba ka ambaton dattijo haka gaya sai ka ɗan koɗa shi. Sai na zauna na zuba masa kirari da Larabci mai nauyi, na mai da shi zakin sararin sama. Ƙyallen ma sau ɗaya na ambata, shi ma a kunyace.

Ranar da na karanta masa, bai katse ni ba har na kai ƙarshe. Sannan ya ce, "Ya ibni, ɗana, wannan wane ne? Ni ban san shi ba."

Wallahi raina ya ɓaci. Mako uku na yi a kai, ga jarrabawa a gabana. Na ce ai girmama shi na yi. Ya ce ma'alesh, wato in yi haƙuri, irin wannan girmamawar ce ta sa 'ya'yansa suka yi ta ɓoye aikinsa kamar abin kunya. Nan jikina ya yi sanyi. Na yage takardun, na sake rubutawa yadda ya faɗa, ban ƙara ko gishiri ba.

Da jikan ya iso, aka kira ni in kawo littafin. Jikan ya zauna a barandar ya karanta. 

Da ya gama ya ce, "Giddu, kakana, wato wajenka ake harbi kullum, kai kuma ba ka da ko bindiga? Ba ka jin tsoro?"

"Kullum," in ji Ammu. "Kai ne mutum na farko da ya tambaye ni."

Jikan ya jawo kujerarsa kusa da ta kakansa. Na ɗauki takalmina na hau sama.